Hunturu a Cikin Firji

A wannan wata ina so in ɗan kauce daga maganar kuɗin makaranta da ta jarrabawa, waɗanda muka saba tattaunawa a wannan fili, in yi magana a kan wasu 'yan ƙwayoyin iri, da kuma wasu kalmomi biyu na harshenmu, wato kaka da hunturu.

Duk wanda ya yi karatun boko ya san cewa Turawa sun kasa shekararsu kashi huɗu. Mu ma Hausawa namu huɗu ne: bazara da damina da kaka da hunturu. Da yake huɗu ta yi daidai da huɗu, sai masu fassara suka ɗauki namu suka jera a gefen nasu, aka ce lokacin da ganyen itatuwansu ke zuba shi ne kaka, lokacin ƙanƙararsu kuma shi ne hunturu. Haka aka koya mana, haka mu ma muke koya wa yara, su haddace su zuba a takardar jarrabawa. Alhali kuwa hunturun Bature jiƙaƙƙe ne, ƙasa na daskarewa, yini ya gajarce. Namu kuwa busasshe ne ƙayau, mai fasa leɓe da sa kaushi. Mu nan Kumasi abin namu ma ya ninka, domin kalmomin da kakanninmu fataken goro suka zo da su an yanka su ne daidai da shekarar Kano da Katsina. Yaron da aka haifa a Aboabo ko Asawase bai taɓa ganin kakar gero ba, kuma damina biyu yake gani a shekara, babba da ƙarama. To ka ga in na ce masa hunturu ina nufin na Amurka, na yi masa fassara a kan fassara ke nan.

Abin da ya ba ni damar nuna wa ɗalibaina wannan bambanci da idonsu shi ne wata tsaraba da ƙanena ya kawo mini a watan Oktoba na 2023, lokacin da ya zo ganin gida daga unguwar Bironks ta birnin Niyu Yok, inda 'yan zango da yawa ke neman abinci. Sauran 'yan'uwa sun sami turare da agogo, ni kuwa sai ya miƙo mini 'yan ƙunshin takarda guda uku, ya ce, "Yaya, tun muna yara kake cika mana kunne da labarin ciyawar da ke cin ƙuda. To ga irinta nan, sai ka shuka mu gani." A wajen masu renon tsirrai ya saya, da takardunsa, kuma ya kamata in faɗi haka, domin dokar ƙasar nan ba ta yarda a shigo da iri kara zube ba, akwai sashen Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona da ke kula da wannan.

Ga wanda bai taɓa jin labarinsu ba, waɗannan tsirrai ba tatsuniya ba ne. Akwai jinsinsu fiye da 600 a duniya, kuma tun 1875 masanin nan na Ingila, Darwin, ya rubuta littafi guda a kansu. Yawancinsu suna fitowa ne a fadama mai tsami, wadda ruwa ya wanke ƙasarta har ba sauran taki a cikinta. Suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar kowane ganye, amma sinadarin nitirojin da sauran tsirrai ke zuƙa ta saiwa, su daga jikin ƙwari suke samunsa. Wato ƙwaro shi ne takinsu.

Ukun da na samu, yara sun raɗa musu sunaye tun daga hoton da ke jikin takarda, kuma da waɗannan sunaye zan kira su. Na farko shi ne tarkon ƙuda, wanda masana ke kira Diyoniya. Ganyensa kamar buɗaɗɗen baki yake, da 'yan gashi uku-uku a kowane ɓari. In ƙwaro ya taɓa gashi sau ɗaya ba abin da zai faru, amma in ya sake taɓawa kafin wajen daƙiƙa 20, sai bakin ya rufe ruf, a kwana bakwai ko goma ana narkar da shi. A duk duniya ba inda yake fitowa da kansa sai ɗan yankin da ke kewaye da garin Wilmintin, a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu, kuma masu tonewa su sayar sun dame shi har ta kai, tun daga 2014, satarsa daga daji ta zama babban laifi a Karolina ta Arewa. Na biyu mai-kakaki, wato Sarasiniya, shi ma na Amurka ta Arewa ne. Ganyensa doguwar ƙaho ce a tsaye, bakinta da zaƙi da santsi, ƙwaro ya zo lasa ya zame ciki ya kasa fitowa. Na uku mai-raɓa, wato Dirosera, nawa daga yankin Kef na Afirka ta Kudu asalinsa yake. Ganyensa cike yake da jan gashi, kowane da ɗigon danƙo a kansa yana ƙyalli kamar raɓar safe.

Takardar da ta zo da irin ta ce a shuka shi a cikin ɗaki, lokacin kaka ko hunturu. Da na karanta wa yara, wani ya ce ai shi ke nan, sai mu jira Disamba. Na ce masa a'a, sai mun fara tambayar me ya sa mutanen can suke yin haka. A Niyu Yok, tsawon yini a ƙarshen Disamba bai fi awa tara da 'yan mintoci ba, waje kuma ƙanƙara ce. Mai shuka yana kai kaskonsa cikin ɗaki ne don ya sami ɗumi, ya kunna masa fitilar lantarki awa 14 ko 16 a madadin rana, ta yadda kafin ɗumi ya dawo tsiron ya riga ya yi ƙwari, ya ci ribar wata uku ko huɗu. Mu kuwa ɗumi da rana ba mu rasa su ba, yininmu kusan awa 12 ne shekara duka. Abin da muka rasa shi ne abin da su ke da shi a bakin ƙofa kyauta.

Irin mai-kakaki yana nuna ne a kakarsu, ya zube ƙasa. Da zai tsira nan take, da sanyin da ke tafe ya kashe shi yana jariri. Saboda haka Ubangiji ya sanya masa wani makulli: ba zai tsira ba sai ya kwanta a jiƙe cikin sanyi mai tsanani na tsawon makonni, sa'an nan in ɗumi ya biyo baya ya san hunturu ya wuce. Ba sanyi kaɗai ba, ba laima kaɗai ba, sai an haɗa su biyun. Masu reno sukan ba shi mako huɗu zuwa shida a sanyin da bai wuce digiri 5 ba. A Kumasi, ko a daren da muke ƙudundune cikin bargo muna cewa yau ɗari ya sauka, da wuya ma'aunin zafi ya yi ƙasa da 15, ga iska kuma ba ɗigon laima a cikinta. Hunturunmu ba zai buɗe wannan makulli ba ko da za a yi shekara goma ana jira. Wurin da ke da digiri 4 a duk unguwarmu shi ne cikin firji.

Firjin gidanmu kuwa ba nawa ba ne, na uwargida ne, da shi take sanyaya zoɓo da lamurje na sayarwa. Da na je mata da maganar, ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu ƙasa za ka sa mini cikin abin da mutane ke sha?" Tana da gaskiya. Muka daidaita a kan cewa ba ƙasa, ba kasko. Na jiƙa farar takarda mai laushi da ruwan sama, na jera ƙwayoyin irin a kai, na naɗe na sa cikin leda biyu na ɗaure, na rubuta kwanan wata a jiki, aka ba ni wuri a aljihun ƙasa inda ake ajiye tumatir. Ta kuma kafa sharaɗi: ranar da ta ji wani wari, ni da irin duk waje.

Abin da na fi jin tsoro shi ne wutar lantarki. Duk wanda ya ga dumso na shekarun 2012 zuwa 2016 ba ya sakin jiki da firji. An ɗauke wuta sau da dama cikin makonnin nan shida, sau ɗaya ma har kusan yini biyu. Amma da na zauna da yara muka yi tunani, sai muka ga ai hunturun can ma ba sanyi ɗaya yake yi kullum ba, wata rana ya tsananta wata rana ya sassauta. Muka ƙara mako guda a kan lissafi don cike giɓi. Duk ranar Juma'a nakan ɗauko ledar in duba ko fumfuna ta kama, in cire ƙwayar da ta yi fari-fari, in mayar da sauran.

Na raba irin mai-kakakin gida biyu tun farko. Rabi ya shiga firji, rabi kuma muka shuka shi kai tsaye a aji ba tare da ya ga sanyi ba. Wannan shi ne darasin da gaske. Na faɗa wa yara cewa takarda ta ce sai da sanyi, ni ma na ce sai da sanyi, amma kada su yarda da ni ko da takarda, su jira kaskon ya ba da shaida.

Sauran biyun ba su bukatar firji, amma kowane da nasa sharaɗin. Ba a binne irinsu, a kan ƙasa ake yafa shi don haske ya same shi. Na tarkon ƙuda baƙi ne mai sheƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba. Na mai-raɓa kuwa ƙura ce kawai, in ka yi atishawa ka yi asara. Taki kuma guba ne a gare su, na zamani da na gida duka, domin saiwarsu ba ta saba da gishirin ƙasa ba, ƙonewa take yi. Wannan ya ba wani dattijo maƙwabcina mamaki ƙwarai, mutumin da ya yi shekara talatin yana lambun latas da kabeji. Ya ce, "Malam, ni duk tsawon raina ban taɓa jin shukar da ke gudun kashin kaji ba." Masu reno a Turai da Amurka suna amfani da ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama wadda ake sayarwa a buhu. Mu ba mu da ita a kusa, sai muka karɓo ɓawon kwakwa wajen masu sayar da ruwan kwakwa, muka daka shi, muka jiƙa shi cikin ruwan sama mako uku muna sake ruwa, don gishirin da ke cikinsa ya fita. Muka gauraya shi da yashin rafi wankakke. Kafin mu yi amfani da yashin sai da muka matsa masa lemun tsami, domin in ya yi kumfa to akwai farar ƙasa a ciki, sai a zubar. Yarinyar da ta yi wannan gwaji ta je gida ta matsa lemun tsami a kan ɓawon ƙwai don ta ga kumfar da ake faɗa, washegari ta zo da labari.

Ruwa ma haka. Farin dattin nan da ke taruwa a gindin butar shayi, shi ne ke kashe su a hankali, don haka ba a ba su ruwan rijiya ko na famfo sai an tabbatar da shi. Allah ya taimake mu irin ya zo ƙaramar damina ba ta ƙare ba, muka tari ruwan sama cikin jarkoki, muna barin zubin farko ya wanke kwano tukuna. Da jarkokin suka ƙare a watan Fabrairu, sai muka koma sayen tataccen ruwan nan da ake zuba wa batirin mota. Ana ajiye kaskon ne cikin faranti mai ɗan ruwa, ya riƙa sha ta ƙasa, kada ya bushe ko na yini ɗaya.

A nan ne na ga dalilinmu na shiga ɗaki. Iskar hunturu takan busar da kasko cikin awoyi kaɗan. Bugu da ƙari, ƙurar da take ɗauke da ita, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda a da can tafki ne, ƙura ce mai ɗauke da sinadaran taki. Ga gonar koko alheri ce, ga kaskona kuwa ita ce abin gudu. Sai muka yanke robobin ruwan sha muka kife a kan kowane kasko, muka huda 'yan ramuka don iska, muka jera su a bakin tagar da ke samun ranar safe. Bature ya shige ɗaki yana gudun ƙanƙara, mu mun shige muna gudun ƙura da bushewa, kuma takarda ɗaya muka karanta.

Mai-raɓa ne ya fara fitowa, bayan kamar mako uku, ɗan kore-kore da ba ka ganinsa sai da gilashin ƙara girma. Tarkon ƙuda ya biyo baya. Ganyensa biyu na farko ba su da wani abin kallo, har yara suka fara cewa an cuci ƙanen Malam an sayar masa da irin alayyafo. Ba su yi laifi ba, domin ana yin wannan cutar a kasuwannin intanet. Amma da ganye na gaba ya fito da ɗan tarko a kansa, bai fi kan allura ba, da haƙoransa da komai, sai da na kafa layi, kowa ya duba na minti ɗaya.

Irin firji mun fito da shi a tsakiyar Disamba muka shuka kusa da ɗan'uwansa. A lokacin kaskon da bai ga sanyi ba ya yi kusan wata biyu yana zaune, ƙwaya ɗaya tak ta tsira a cikinsa. Na firji kuwa kafin ƙarshen Janairu fiye da rabi sun fito. Ban ce komai ba, na dai ajiye kaskon biyu a kan tebur. Wani yaro mai shiru-shiru, wanda Turanci ke ba shi wahala har ba ya ɗaga hannu a aji, ya ce da Hausa, "Malam, ashe shi irin ƙidayar kwanakin sanyi yake yi." Na ce ya maimaita da ƙarfi, sa'an nan muka taru muka mayar da maganarsa Turanci muka rubuta a allo da sunansa a ƙasa.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Wani uba ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce ya ji labarin muna kiwon ciyawa alhali jarrabawar BECE na ƙaratowa. Ban ga laifinsa ba, shi ke biyan kuɗi. Na gaya masa cewa bayan an tashi muke yi, rabin awa, kuma ba ma taɓa Asabar da Lahadi tunda ranakun makarantar allo ne. Na kuma gaya masa cewa sharuɗɗan tsirowar iri suna cikin manhaja, kuma yaron da ya ga kasko biyu da idonsa ba ya bukatar haddar dare. Abin da ban faɗa masa ba, amma zan faɗa a nan tunda namu fili ne, shi ne cewa a wannan rabin awa nakan bar yara su yi gardama da Hausa. Yaranmu Turanci suke ji a aji, Tuwi a titi, Hausa kuma ta zama ta aike da faɗa da cinikin koko. In ba su taɓa yin tunanin kimiyya da ita ba, za su girma suna zaton ba ta iya ɗauka. Ga shi kuwa su suka ƙago tarkon ƙuda da mai-kakaki, ba ni ba.

Yanzu inda aka kwana. Mai-raɓa ya saki jiki kamar a gidansu, domin shi ba ya neman hutun sanyi. Cikin shekara guda ya yi fure ja-ja, ya zubar da iri, har yana fitowa a kaskon maƙwabtansa ba gayyata. In sauro ya maƙale masa, sai ka ga ganyen yana naɗewa a hankali cikin awoyi. Mai-kakaki da tarkon ƙuda kuwa bashin hunturu bai ƙare a kansu ba. Jarirai ana iya tsallake musu shekarar farko, amma manya sai sun yi barcin sanyi na kamar wata uku kowace shekara, in ba haka ba su rame su mutu. Kuma shekara uku zuwa biyar suke ɗauka kafin su girma sosai, wato yaran da suka shuka su sun riga sun bar hannuna kafin su ga fure. Hakan na nufin kowace shekara sai an tono su an wanke saiwa an naɗe an kai firji, kuma kowace shekara sai an sake zama da uwargida. Ni dai ra'ayina, wanda ke son gwadawa a ƙasar nan ya fara da mai-raɓa, ya bar 'yan Amurka sai in yana da haƙuri da firjin da ba a sana'a da shi.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wannan wahala mun yi ta ne a kan baƙi, alhali Afirka ta Yamma na da nata masu cin ƙwari. Akwai dangin mai-raɓa da ke fitowa a jiƙaƙƙen yashi da kan duwatsu masu tsattsafo. Akwai wata ciyawar ruwa mai rawayan fure, Utirikulariya, da ke yawo a tafkuna da kududdufai, tana da 'yan mafitsara da ke zuƙe ƙananan ƙwarin ruwa kafin ƙiftawar ido. A dazukan Saliyo da Laberiya da Kodebuwa kuma akwai wata mai yaɗo da ake kira Tirifiyofilum, wadda ba ta fitar da ganyen kamun ƙwari sai wani lokaci, kuma a 2023 masana a Jamus suka nuna cewa ƙarancin sinadarin fosfaras ne ke sa ta yin haka. Ba ɗaya daga cikinsu da ke bukatar firji, shekararsu irin tamu ce.

Saboda haka ina roƙon masu karatu, musamman manoma da makiyaya da direbobin da ke bin hanyar arewa, duk wanda ya san wata fadama mai farin yashi inda ya taɓa ganin 'yar ƙaramar ciyawa mai jan gashi, tana ƙyalli kamar da raɓa alhali rana ta take, ya aiko mini da kwatancen wurin ta ofishin wannan jarida. Kada a tuge ta, a bar ta inda take. Wurin kawai nake so in sani, da watan da aka gan ta, da sunan da mutanen wajen ke kiranta da shi in tana da suna, don in kai yara a ƙarshen damina.